Shafin intanet na laburaren makaranta: a fara da wayar da ke hannun ɗalibi

Tambaya: Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren jeka-ka-dawo a cikin garin Gombe, bana kuma aka ɗora mini kula da laburarenmu. Littattafanmu ba su kai dubu biyu ba, kwamfuta ɗaya ce mai aiki. Firinsifal ya ce yana son laburaren ya samu shafi a intanet kafin ƙarshen zango, har wani matashi ya kawo takardar farashi. Me ya kamata mu sa a ciki, kuma yaya za a yi yara su riƙa shiga, kada ya zama an yi ne don a ce an yi?

Amsa:

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya taya ki riƙo. Takardar farashin nan ki ajiye ta tukuna a aljihun tebur, ba za ta ruɓe ba. Na daɗe ina aikin laburare a nan Bauchi, na ga shafukan makarantu iri-iri, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu ba rashin kuɗi ne ya kashe su ba. An ɗinka su ne ba tare da an auna wanda zai sa ba.

Ki kawo ɗalibarki ɗaya a ranki, 'yar aji uku ta babbar sakandare, gidansu a Pantami ko Bolari. A makaranta an hana shiga da waya, don haka ba za ta ga shafinki da rana ba. Sai bayan isha'i, ta gama wanke-wanke, ta lallaɓa yayanta ya ara mata Itel ɗinsa ko Tecno mai tsagaggen gilashi, yana ce mata minti goma kawai, kuma kada ta cinye masa data. Caji ya yi ƙasa, an ɗauke wuta tun la'asar. Abin da take nema ɗaya ne: shin laburare yana da littafin kimiyyar sinadarai da malami ya ambata, ko sai ta roƙi Baba kuɗin saye? Ta buɗe shafin, sai ga hoton ƙofar makaranta yana sauka sannu a hankali daga sama, bayansa hoton firinsifal, bayansa jawabin maraba sakin layi shida. Kafin ta kai ga abin da ta zo nema, yayan ya miƙo hannu. Wannan yarinyar ba za ta sake dawowa ba, kuma gobe za ta gaya wa ƙawayenta cewa shafin cin data kawai yake yi.

Ita za ki gina wa shafin. Duk abin da za ki ɗora, ki tambayi kanki ko zai taimake ta a cikin mintunan nan goma. Wani masanin laburare ɗan Indiya, Ranganathan, ya shimfiɗa ƙa'idoji biyar na aikinmu tun 1931, ta huɗunsu ita ce a tattala lokacin mai karatu. Da zai ga halin da muke ciki, da ya ƙara da a tattala masa data da caji.

To me za ta fara gani? A allon farko, kafin ta ja yatsa ƙasa, abu huɗu sun isa: sunan laburaren da lokutan buɗewa da rufewa, wurin neman littafi, ƙofar shiga kayan jarrabawa, sai sabon abin wannan makon. Sunayen da za ki ba maɓallan su zama maganar da yaro yake yi da bakinsa: "Nemi littafi", "Jarrabawa", "Aikin gida", "Tambayi Malama". Kada ki tsara shafin bisa yadda ofis yake kallon kansa, wato manufa, hangen nesa, tsarin shugabanci. Waɗannan su koma shafin "Game da mu" can ƙarshe, hoton firinsifal ma can ne gidansa. Na san wannan sai da lallashi. Dabarar da na ga tana aiki ita ce ki buɗe masa shafin a ƙaramar waya, ba a kwamfutar ofis ba, ya jira da kansa ya ga yadda hoton yake sauka. Gani ya kori ji.

Batun nauyi kuwa lissafi ne mai sauƙi. Hoton da aka ɗauka da waya kai tsaye yakan kai megabait uku ko huɗu. Idan aka rage girmansa ya dawo kilobait ɗari, a fuskar waya da wuya ido ya ga bambanci, ga shi kuma hoto talatin irinsa ne suke daidai da guda ɗaya na farko. Rubutu zalla kusan kyauta ne. Saboda haka ki yawaita rubutu, ki taƙaita hoto, bidiyon da yake kunna kansa kuma kada ma ya shigo. Duk fayil ɗin da za a sauke, ki rubuta girmansa a gefe, mai waya ya yanke shawara kafin ya danna. Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon ki guje mata: a buga sanarwa a takarda, a sa hannu da hatimi, a ɗauki hotonta a karkace a ɗora. Ba ta karantuwa sai an buɗa da yatsu biyu, ba a iya nemo kalma a cikinta, ɗalibi mai larurar gani da yake amfani da TalkBack, manhajar da ke karanta wa mai Android rubutu da murya, ba zai ji komai ba. Ki buga sanarwar da haruffa. Baƙin rubutu a kan farin fage, manyan haruffa, shi ke nan. Launin rigar makaranta yana iya fitowa a saman shafi, amma rubutu ruwan ɗorawa a kan kore, a ranar Gombe ta watan Afrilu, babu idon da zai karanta shi.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato kundin littattafai. A nan ne za ki sha wahala, a nan ne kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Shafin laburaren da ba zai iya gaya wa mutum ko akwai littafi kaza ba, allon talla ne kawai. Da littattafai ƙasa da dubu biyu ba ki buƙatar babbar manhaja. Akwai Koha, wadda aka fara amfani da ita a ƙasar Niyu Zilan a 2000, kyauta ce, manyan laburarori da yawa suna kanta, amma tana son na'urar da za ta zauna a kai da kuma wanda ya iya kula da ita. Ki bar ta sai kun girma. A yanzu jadawali ɗaya a Google Sheets ya wadatar: sunan littafi, marubuci, darasi, ajin da ya dace da shi, lambar kanta, yawan kwafi. Ki ɗauki manyan ɗalibai huɗu masu kyan rubutu da natsuwa, kowace rana kanta ɗaya, biyu suna karantowa, biyu suna rubutawa a takarda, ke ki shigar a kwamfuta idan an kawo wuta. Kada ki jira sai an gama duka. Ki fara da littattafan da 'yan ajin ƙarshe suke rububi a kansu, ki ɗora, sauran su biyo baya.

Idan littattafanku suna bisa tsarin Dewey na jera littattafai da lamba, wanda yake tun 1876, ki bar lambobin yadda suke, amma ki fassara su. Yaro bai san 510 lissafi ba ne, 540 kimiyyar sinadarai, 966.9 tarihin Najeriya. Ki rubuta masa "Lissafi, kanta ta uku daga ƙofa, ɓangaren taga". Abin da ke shafi ya yi daidai da takardar da ke manne a jikin kantar, kalma da kalma.

Tunda ke malamar Hausa ce, bari in daɗe kaɗan a kan haruffanmu masu lanƙwasa, don nan ne na taɓa jin kunya. Na shigar da sunayen littattafan Hausa da ƙa'ida, ɓ da ɗ da ƙ kowanne a mazauninsa, ina alfahari. Sai na zaunar da wani yaro na ce ya nemo mini littafin da ke da kalmar "ƙasa" a sunansa. Ya buga "kasa", domin wayar ba ta da ƙ, shafin ya ce babu. Ya gwada "k'asa", babu. Ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai ba ku da shi." Littafin kuwa yana bayansa, kwafi uku. A wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne biyu da ba su san juna ba. Maganin shi ne ki ƙara layi ɗaya a jadawalin, ki sake rubuta sunan da haruffa marasa lanƙwasa, domin mai nema ya samu ta kowace hanya, amma sunan da ido zai gani ya zauna bisa ƙa'ida. Sannan ki duba salon haruffan da aka zaɓa wa shafin, domin wasu ba su da namu, sai ki ga ɗan akwati a tsakiyar kalma ko harafi ɗaya ya fita dabam kamar baƙo a taron suna. Noto da Andika duka suna ɗauke da su. Ki gwada da jimla ɗaya mai ɗauke da dukkansu, manya da ƙanana. Yaran kuma ki nuna musu cewa Gboard, manhajar buga rubutu a waya ta Google, yana da allon rubutun Hausa, a saiti ake ƙara shi.

Harshen shafin fa? Biyu. Jarrabawa da Turanci ake rubuta ta, don haka sunayen darussa su zauna yadda yaro zai gan su a takardar tambaya. Amma bayanin yadda ake aron littafi, kwana nawa ake riƙewa, me ake yi idan ya ɓata, wannan a sa shi da Hausa da Turanci, domin uwa ko uba ne sau da yawa masu wayar, kuma su za su biya idan littafi ya salwanta. Ki tuna kuma ajinki ba Hausawa ne zalla ba. Akwai mai Fulfulde a gida, akwai Tangale, Tera, Waja, Bolewa. Zan dawo kan wannan.

Sashen jarrabawa shi zai fi jawo mutane, ko kin so ko ba ki so ba, don haka ki gyara shi da kyau. Amfaninki a nan shi ne tacewa. Intanet cike yake da shafukan da ke yi wa yara alkawarin amsoshin jarrabawa kafin a shiga, da tallan caca a kowane lungu. Ke ki ba su ƙofofi kaɗan waɗanda kika shiga da ƙafarki: shafukan JAMB, WAEC da NECO na ainihi, da NABTEB ko NBAIS idan kuna da masu rubuta su. JAMB tana da manhajar karatu, wato jerin abin da za a karanta, ta kowane darasi da bayanin kwasa-kwasan jami'o'i a shafinta kyauta, amma za ki yi mamakin yawan yaran da ba su taɓa gani ba. WAEC ma tana da sashen da manyan masu duba takardu suke bayyana inda ɗalibai suka fi yin kuskure a kowane darasi, wanda ko malaman makarantarku za su amfana da shi. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, saboda haka kwamfutar nan taku guda ɗaya tana da daraja: ki sa jadawalin wanda zai zauna a kanta a shafin, kowa ya san ranarsa. Ranakun rajista da kuɗinta kuwa kada ki kwafo ki manna, suna canzawa, kuma idan kika bar tsohon bayani wani ya makara, ke za a kama. Ki tura su can tushe.

A ƙarƙashin kowace mahaɗa, wato wurin da ake dannawa a shiga wani shafi, ki rubuta layi ɗaya da bakinki: mene ne a ciki, wa zai amfana, yana cin data ko ba ya ci. Mahaɗa goma da kika sani sun fi ɗari da kika kwaso. Cikin waɗanda nake ba da shawara akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, da PhET na Jami'ar Kolorado a Amurka don gwaje-gwajen kimiyya a allo, musamman inda ɗakin gwaji ya zama ɗakin ajiye karyayyun kujeru. Don 'yan ƙaramar sakandare da har yanzu karatu bai zauna musu ba, African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labarai da Hausa, kuma lasisinsu ya yarda a sauke, a buga, a raba. Sau ɗaya a zango ki bi mahaɗan nan ɗaya bayan ɗaya, domin shafuka suna ƙaura ba sallama.

Wani zai ba ki shawarar ku ɗauki hoton littattafan darasi shafi-shafi ku ɗora don yara su huta da saye. Niyyar mai kyau ce, amma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana nan, kuma sunan makarantarku ne a saman shafin. Abin da malamanku suka rubuta da kansu, tambayoyin gwajin da makaranta ta shirya a shekarun baya, da kayan da masu su suka sake wa kowa, waɗannan sun isa su cika sashen. Haka batun sirrin yara. Akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, amma tun kafin doka akwai kunya da amana. Kada sunan wanda ya riƙe littafi bai dawo da shi ba ya hau intanet, kada a bayyana abin da wance ta ara, kada lambar wayar ɗalibi ko sakamakonsa su fito. Hoton yara, musamman 'yan mata, sai da yardar iyaye a rubuce. Ni na fi son hoton hannu riƙe da littafi, ko kanta, ko yara daga baya suna karatu.

Sai tambayarki ta biyu, yadda za a yi su riƙa dawowa. Ba ado ke dawo da yaro ba. Abu biyu ne: ya tarar da sabon abu, ko ya tarar da kansa. Ki zaɓi rana ɗaya, a ce Alhamis, ki canza abu ɗaya tak a allon farko. Littafin mako, da hoton bangonsa da layi biyar da wani ɗalibi ya rubuta a kansa, sunansa na farko da ajinsa a ƙasa. Yaron da ya ga rubutunsa a intanet, sai ya nuna wa duk gidansu har maƙwabta, kin samu masu shiga goma ba ki kashe ko sisi ba. Ko ki sa kacici-kacici ko rabin karin magana, ki ce amsar tana cikin wani littafi a kanta ta biyar, wanda ya fara kawo lambar shafin littafin da amsar take za a ambace shi a taron safe. Kin ga shafin ya koro yaro zuwa cikin laburaren da ƙafarsa, wanda shi ne abin da muke so tun farko.

Abin da ya fi wannan daɗewa shi ne sashen gida, wanda babu wani shafi a duniya da zai riga ku. Jihar Gombe an ƙirƙiro ta daga Bauchi a 1996, amma yara nawa ne a ajinki za su iya ba da labarin Modibbo Buba Yero, ko yaƙin Burmi na 1903 can wajen Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama? Ki haɗa kai da malamin tarihi da na labarin ƙasa. A ba 'yan aji aikin hutu: kowa ya zauna da kakarsa ko kakansa, ya rubuto tatsuniya ɗaya, ko yadda unguwarsu ta samo sunanta, ko yadda ake noman rani a Dadin Kowa, ko karin magana goma da harshen gidansu tare da fassara. A nan ne mai Tangale da mai Tera da mai Fulfulde za su ga harshensu a rubuce a shafin makarantarsu. Ki tace, ki gyara ƙa'idar rubutu, ki ɗora mafi kyau. Bayan shekara uku za ki ga kin tara abin da ɗaliban kwalejin ilimi za su zo nema.

Hanyar shiga ma sai an share ta. Babu wanda zai zauna ya buga dogon adireshi. Duk Alhamis ki tura mahaɗar sabon abin a zauren WhatsApp na iyaye da na malamai, da layi ɗaya na bayani. Ki rubuta adireshin a allon kowane aji da cikin bangon littattafan aro. Malamai su ne mabuɗi: idan malamin lissafi ya ce aikin gida yana shafin laburare, an gama.

Ga waɗanda babu waya ko data a gidansu kwata-kwata, kuma suna da yawa, ki sa Kiwix a kwamfutar laburare. Sau ɗaya ake sauke Wikipedia, har da ta Hausa, daga nan sai a yi ta karantawa ba intanet. Kolibri ma haka yake aiki da darussa. Abin da kika sa a shafi ranar Alhamis kuma ki buga kwafi ɗaya ki manna a ƙofa.

Yanzu mu koma kan matashin da takardarsa. Duk abin da na lissafa za ki iya yin sa da kanki a Google Sites cikin 'yan kwanaki, ba a biyan kuɗi, kuma jadawalin littattafan da fom ɗin "Tambayi Malama" suna shiga ciki kai tsaye. WordPress ya fi shi faɗi da kyau, amma yana son a riƙa sabunta shi. Idan makaranta tana son adireshi nata na kanta, akwai wanda yake ƙarewa da .sch.ng da aka ware wa makarantun Najeriya, sai dai duk shekara ake sabunta rajistarsa. A nan ne na taɓa ƙonewa. A wata makaranta da na yi aiki, an ba wani kwangila, ya yi shafi mai kyan gaske, aka yi taro aka tafa. Komai da imel ɗinsa ya yi rajista, kalmar sirri tana kansa. Ya samu aiki a wani gari, lambarsa ta daina shiga. Ko ranar komawa hutu ba mu iya canzawa ba, shekara na zagayowa adireshin ya mutu, aikin wata uku na shigar da littattafai ya bi ruwa domin ba mu da kwafi.

Don haka idan za a ba shi aikin, ba laifi, yaro ne yana neman halalinsa, amma da sharaɗi a rubuce. A buɗe komai da imel ɗin makaranta, kalmar sirri tana hannunki da na firinsifal. Ya faɗi abin da za a riƙa biya duk shekara, ba na yau kaɗai ba. Ya zaunar da ke har sai kin canza sanarwa kin ɗora hoto da hannunki yana kallo bai taɓa ba. Kwafin jadawalin littattafai kuma ya zauna a filashi a cikin kabad.

Kafin a biya shi cikon kuɗinsa, ki kira ɗalibai biyar, kada ki zaɓo masu ƙoƙarin aji kaɗai. Ki ba su waya mafi araha da za ki samu a ɗakin malamai, da datar waya, ba a kusa da tagar da sabis ya fi ƙarfi ba. Ki ce wa ta farko ta gano ƙarfe nawa ake rufe laburare ranar Juma'a, na biyu ya duba ko akwai littafin lissafi na aji biyu da kantar da yake, ta uku ta nemo manhajar JAMB ta darasin Hausa. Sannan ki yi shiru, ki sa hannuwanki a baya, domin za ki ji kamar ki nuna musu. Ki kalli inda yatsa ya tsaya yana shawagi, ki rubuta. Duk wurin da biyu daga cikinsu suka ɓata, a gyara shi a ranar, a sake kiran wasu biyar.